Asusu Mai Taga

"Ki ajiye wayar nan ki kalle ni, Auta."

Ban ajiye ba. Na dai kifa ta a cinyata na ɗago kai. Mama na zaune a bakin gadona tana ninke kayan da ni da kaina na riga na ninke. Duk ranar da ta shigo ɗakina ta hau ninkin kaya, na san ba kayan ne suka kawo ta ba.

"Yayanki ya ce Manaja zai zo ranar Asabar. Ki fito ki yi masa magana ta hankali. Bawan Allahn nan bai yi miki komai ba sai alheri."

"Ni ma ban yi masa komai ba, Mama. Ban ce ina so ba, ban ce ya jira ni ba."

"Ke kuma wa kike jira?"

Ta san amsar. Kaf layinmu babu wanda bai san amsar ba. Kafinta nake jira, mai shago a bayan tashar mota, wanda Yaya ya gindaya wa sharaɗi: ya kama gida na mutunci ya zuba kaya a ciki kafin shekara ta fita, in ba haka ba ya nemi wata. Tun da Baba ya rasu Yaya ke riƙe da gidanmu. Shi ya biya min makaranta har na gama, Allah ya saka masa, kuma bai taɓa bari na manta ba ko na yini guda.

"Yaushe rabon da ya tako ƙofar gidan nan?" in ji Mama.

"An ce kar ya tako. A gabanki aka ce."

"An ce kar ya tako. An ce kar ya kira ne?"

Wannan ta shige ni, don gaskiya ce. Kiransa ya ja baya, saƙonsa ya koma "lafiya lau" da "aiki ya yi yawa". Amma ina da abin da Mama ba ta da shi. Na juyo wayar na miƙa mata har kusa da hancinta.

A fuskar wayar akwai hoton asusun katako mai 'yar taga a gaba. Ta tagar ana hango wani kore ya taso, saura ƙiris ya kai baki.

"Kin gani? Kowane mako sai ya zuba. Wanda ya fasa aure ba ya tara kuɗin gida, Mama. Gani ya kori ji."

Ta dubi asusun, ta dube ni, ta ɗora rigar da ke hannunta a kan sauran.

"Ni dai hoto nake gani," ta ce, ta fita.

Hoto ne kam. Ni ma na zana shi.

Aikina ke nan, zanen manhajar waya. Ba ni ke rubuta abin da ke motsa ta ba, wannan na Dogo ne, abokin aikina da zaman kwamfuta ya fara yi wa doro. Nawa shi ne abin da ido zai gani da inda yatsa zai taɓa. Ofishinmu ɗaki ɗaya ne a saman shagon tayoyi, da fanka mai kuka da warin roba da ke hawo mana ta bene. A nan muke haɗa manhajar tanadi. Mutum ya faɗi burinsa, keken ɗinki ne ko kuɗin makarantar yaro, ya riƙa zubawa kaɗan-kaɗan har ya kai. Da yayyafi kogi kan cika, da wannan muke talla.

Ta dalilin aikin na san Kafinta. Ina yawon tambayar mutane yadda suke ajiya, aka ce in je wurin mai yin asusun katako. Na same shi da fensir a bayan kunne, ni ma da nawa a soke a gefen ɗankwali. Ya kalli nawa, ya taɓa nasa, ya ce, "Ashe 'yar'uwa ce." Daga ranar ya raɗa min Mai Fensir, kuma babu mai kirana haka sai shi.

Asusunsa ƙusa yake buga masa ta kowane gefe, sai 'yar tsaga a sama. Na ce masa wannan ai mugunta ce. Mutum bai ga abin da ya tara ba, in kuma buƙata ta taso sai ya nemo guduma.

"Amfaninsa ke nan," ya ce. "Ranar da ka canza shawara sai ka fasa, duk gidan a ji ƙara. Kunyar ƙarar nan ce ke riƙe mutum."

"Namu ba zai yi ƙara ba. Kuma taga zan yi masa."

"Asusu da taga?" Ya yi dariya har da dafa benci. "Ku 'yan boko babu abin da ba za ku huda ba."

Asusunsa na zana a manhajar, har da kan ƙusoshin. Shi ya gaya min rabin masu sayen asusunsa ba sa iya rubutu a waya, don haka muka sa mutum ya faɗi burinsa da bakinsa, manhajar ta naɗa. Sauran maganganun da take yi kuwa muryata ce, tunda ba mu da halin ɗauko 'yar rediyo. Duk abin da na zana sai na kawo wa Mama ta gwada. In ta ɓace, in koma in rage maɓalli. Har ta kai Mama na shiga ta fita ba tare da ta kira ni ba, kuma na fi alfahari da wannan a kan takardar digirina.

Akwai wani sashe da na fi ƙauna, na masu ƙarfafa gwiwa. Mai asusu zai zaɓi mutanensa, su riƙa ganin korensa na tashi ba tare da sun san nawa ne a ciki ba. Ranar da ya cika, wayoyinsu su yi kiɗa, su ji albishir. Kafinta ne mutum na farko da ya buɗe asusu. Ya zo har ofishinmu, ya kai wayar bakinsa yana kallona, ya ce, "Gidanmu, ni da Mai Fensir." Ni kaɗai ya sa a masu ƙarfafa masa gwiwa.

Sai ranar da ya zo gaishe da Yaya.

Ya zo da teburin falo da ya yi wa Mama da hannunsa, ya sha guga har mutum na ganin fuskarsa a kai. Yaya ya karɓe shi a tsaye. Ya tambaye shi inda yake kwana, ya ce gidan haya, shi da Innarsa. Ya tambaye shi inda ya tsaya a karatu. Sannan ya ce tunda Allah ya kawo shi, ƙofar kicin ɗinmu na cijewa, ya ɗan duba mana. Kafinta ya naɗe hannun rigarsa ta fita, ya durƙusa ya gyara ƙofar. Ina leƙe ta labule ina ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Da ya gama, Yaya ya zaro kuɗi ya miƙa masa.

"Ga na aikinka, har da na teburin. Ba ma cin gumin mutum a gidan nan. Maganar yarinya kuma, ka san an ce ƙwarya ta bi ƙwarya."

Kafinta bai karɓa ba. Ya wanke hannu a famfon tsakar gida, ya yi wa Mama sallama ya kama hanya. Yaya ya bi shi da sharaɗin gida har bakin ƙofa, ya ƙara da cewa kar ya sake takowa sai da makulli a hannu.

Washegari na je ofis ido a kumbure. Ranar kuma Dogo ya zaɓa ya tsare ni da tambaya.

"In mutum ya sake naɗa burinsa, a sanar da masu ƙarfafa masa gwiwa ko kuwa?"

"A kan me?"

"To, an ce keke ake tara wa, kana ta yi wa mutum addu'ar keke, ashe ya koma talabijin."

"Ina ruwanka? Kuɗinka ne? Mutum ya fara tara na keke, matarsa ta kwanta asibiti, ya mayar na magani, sai mu buga masa ganga a gari? Mutane sun gaji da tozarci, Dogo. Buri yana canzawa. Ya danna sau ɗaya ya sake faɗa, kar kowa ya ji."

"To shafin albishir fa? Maɓalli ɗaya kika zana, na taya murna. Ban ga na fita ba."

"Wane mugu ne zai ji ɗan'uwansa ya cika buri ya ƙi taya shi murna? Maɓalli biyu ruɗa tsofaffi yake yi. Bar shi ɗaya."

Dogo ya ɗaga kafaɗa ya ce ni ce mai zanen. Haka aka yi ta, jama'a kuwa suka so ta, suna cewa ba ta da takura.

A cikin wannan tsakanin Manaja ya shigo rayuwata. Abokin Yaya ne, shi ke shugabantar reshen bankin da ke riƙe kuɗin masu asusunmu. Yaya ne ya haɗa mu da shi, wai taimako. In ka ga kare na sunsuna takalmi, ɗauka zai yi. Abin haushin, na nemi aibun da zan riƙe a jikinsa na rasa. Ba ya ɗaga murya, ba ya yi min gorin mota, a durƙushe yake gaishe da Mama. Da mugu ne da na ji daɗin ƙinsa.

Ana gobe Asabar ɗin na tashi aiki da wuri na nufi bayan tasha.

Na same shi da samfefa a hannu yana goge murfin wani dogon kabad mai madubi. Ga sabon gado a jingine da bango, katako mai kyau, ba irin wanda yake yi wa masu ciniki ba. Ya rame, ƙurar katako ta yi masa furfura. Da ya gan ni samfefar ta suɓuce daga hannunsa.

"Mai Fensir. Ba ki ce za ki zo ba."

"Da na kira, za ka ɗauka ne?"

Ya sunkuyar da kai. Na wuce shi na shafa jikin kabad ɗin.

"Na wa ne wannan?"

Ya kawar da ido ya ce, "Nawa ne."

Daɗi ya cika ni har wuya. Na tsaya a gaban madubin don in ga yadda zan riƙa fitowa a ciki, sai na ga daga wuyana zuwa ƙasa. Ni doguwa ce, a gidanmu ma ni ake sawa in sauko da kaya daga saman kanta.

"Kafinta guda, da fensir a kunne, ka kasa auna matarka? Dubi, sai na rusuna kafin in ga fuskata. Ka ɗaga shi."

Bai yi dariya ba.

A kan benci akwai kular abinci a naɗe cikin tawul mai tsabta. Na tambaye shi ko Inna ce ta aiko.

"Malama ce ta kawo. Maƙwabciyarmu, tana koyarwa a firamare. Ita ke kai Inna asibiti in ina aiki."

"Allah ya saka mata da alheri," na ce, kuma har cikin raina na faɗa.

Ya ɗauki samfefar ya riƙe ba tare da ya goga komai ba.

"Inna ta ji abin da aka yi min a gidanku. Ta ce ta raine ni babu uba, ta sha wahalar da ta sha, ba don a sa ni gyaran ƙofa a gidan surukai ba."

"Na sani. Ka ba ta haƙuri, ni ma na yi kukan."

"Ta ce ko na kai makullin, gobe wani abin za a ce in kawo. Ta ce wanda aka raina a bakin ƙofa ba a girmama shi a cikin ɗaki."

"Da Yaya za ka zauna ko da ni?" Hawayen da nake riƙewa suka ɓalle. "Ka san abin da nake sha a gidan nan? Yaya ya daina amsa gaisuwata. In na shigo falo sai ya tashi. Mama ba ta zagina, da ma zagin take yi, sai dai ta zauna tana kallona kamar marar lafiya. Gobe an ce in fito wa Manaja. Kai kuma in na kira, aiki ya yi yawa. Ka san me ke riƙe ni? Duk safiya kafin in sauko daga gado sai na buɗe asusunka. In na ga ya ƙaru sai in ce, to, yau ma yana sona. Da shi nake tashi, da shi nake jure kowa."

Ya juya min baya ya dafa kabad ɗin.

"Mai Fensir, akwai maganar da ya kamata in..."

"Kar ka ce komai. Na san ka gaji, na san an ci maka mutunci saboda ni. Ba alkawarin baki na zo nema ba, na ga na hannu. Yaushe zai cika?"

Motoci na ta hon a tasha. Ya amsa bai juyo ba.

"Gobe za a biya ni kuɗin wasu kujeru."

"Shi ke nan. Gobe." Na share ido da gefen mayafi ina dariya. "Ka dai ɗaga madubin."

An ce so hana ganin laifi. Ni har hanya ya hana ni gani, don sai da na wuce kwanar layinmu na dawo, ina ta murmushi ni kaɗai kamar wadda aka yi wa kyauta.

Ranar Asabar da yamma Manaja ya iso. Ya zauna a doguwar kujera, Yaya a gefensa, Mama a 'yar kujerar da ke kusa da ƙofa. An jera kofunan lemo a kan teburin Kafinta, don duk ƙin da Yaya ke yi wa mai teburin bai hana shi ɗora kofi a kai ba. Na shigo da wayata a hannu na zauna a ƙasa kusa da ƙafar Mama.

Yaya ya yi gyaran murya. Maganarsa ta farko ke nan da ni a cikin makonni.

"Shekara ta kusa fita, Auta. Ban ga makulli ba, ban ga mai makulli ba. Ga mutum ya zo da mutuncinsa, ya yi haƙurin da ni ba zan iya ba. Yau nake so a gama maganar nan."

"Ni ba na son a matsa mata," in ji Manaja. "In akwai wani a ranta ta faɗa, sai in haƙura. Ba a yin wannan abin dole."

"Akwai," na ce.

"Akwai a ina?" Yaya ya nuna hannuna. "A cikin waya? Ni na biya kuɗi aka koya miki zane, yau kin zana akwati kin zauna kina gadinsa. Namijin da ke son mace ƙafarsa ake gani. Ko katanga aka gina masa sai ya nemo tsani."

"Kai ka gina katangar, Yaya."

"Auta," in ji Mama a hankali.

"Bar ta, Mama. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Ni dai na fita haƙƙinki, in kin..."

Sai wayata ta yi kiɗa.

Na san kiɗan, ni na zaɓe shi. Na duba. Asusun ya cika maƙil, kore har murfi, taurari na zuba a kansa. Na miƙe na matsar da kofunan gefe, na ajiye wayar a tsakiyar teburin, na ƙure ƙararta.

"Makulli ka ce, Yaya. To ka ji da kunnenka. Mama, ke kika iya, zo ki danna."

Mama ta taso da ƙyar. Ta dube ni kafin ta miƙa yatsa ta taɓa asusun, yadda na koya mata.

Muryata ta cika falon, cike da dariya.

"Albishirinku! Wanda kuke ƙarfafa wa gwiwa ya cika burinsa. Ku ji daga bakinsa."

Aka ji ƙarar zarto daga nesa. Sannan muryarsa, ƙasa-ƙasa, kamar mai tsoron a ji shi.

"Gidanmu, ni da Malama."

Manhajar ta sake maimaitawa tun daga farko, dariyata da muryarsa, don ni na ce ta riƙa faɗa sau biyu saboda tsofaffi masu nauyin kunne.

"Kuskure ne," na ce. "Dogo ne ya haɗa wani abu ba daidai ba. Zan kira shi."

Ban kira shi ba. Dogo bai san wata Malama ba. Madubin ne ya dawo min, da kular abinci a cikin tawul, da addu'ar da na yi mata da bakina.

Manaja ya ɗauki makullin motarsa ya miƙe. Ya ce wa Mama ya tuna da wani uzuri, ya durƙusa ya yi mata sallama, ya fita ba tare da ya kalli inda nake ba. Na san don kar ya ƙara min kunya ya yi, kuma wannan karamcin ya fi mari ciwo. Yaya ya buɗe baki.

"Kul," in ji Mama.

Tun rasuwar Baba ban taɓa jin ta katse shi ba. Ya rufe bakin, ya bi abokinsa.

Wayar ta hau ruri a kan teburin. Kafinta ne. Wanda ake kira ba ya ɗauka, yau shi ke kira. Na ɗauka a gaban Mama, don babu sauran abin ɓoyewa.

"Mai Fensir..."

"Kar ka sake kirana da shi. Yaushe ka canza?"

Ya yi ƙasa da murya.

"Ba a daɗe da zuwana gidanku ba. Inna ta kwanta, ta ce in na sake taka ƙofarku ba ta yafe min nonon da na sha ba. Ni kaɗai gare ta. Ki gaya min yadda zan yi."

"Ke nan duk watannin nan, ina tashi da safe ina yi wa gidan wata addu'a. Ina faɗa da yayana, ina sa uwata kuka, a kan gadon da za a shimfiɗa wa wata."

"Na ɗauka manhajar za ta gaya miki. Wallahi ranar da na canza na ajiye wayar a gabana ina jiran ki kira ki zage ni. Na shirya. Shiru. Washegari sai ga saƙonki, wai sannu da ƙoƙari, kin ga ya ƙaru. A nan na gane ba ki ji ba."

"Ka gane, sai ka yi shiru."

"Na kasa. Kullum sai in ce gobe. Jiya na ɗauko maganar kika hana ni."

"Na hana ka? Da hannu na toshe maka baki? Ina tsaye ina rusunawa a madubin matarka, kana kallona."

Sai ya fashe da kuka, ƙato guda, har da shessheƙa. Da jiya ne da na bi shi mun yi tare. Yau idona ya bushe ƙamas.

"Da asusun katako ne," ya ce, "da tun ranar kin ji ƙarar."

"Katako ba shi da baki. Kai kana da shi."

"Ki yafe min. Har yanzu ke ce a raina, Allah ne shaida."

"Ka bar Allah a nan. A ranka nake, ita kuma a gidanka. Kowa ya samu wuri." Na ja numfashi. "Kuma ka bar madubin yadda yake. Daidai ka auna."

Na kashe, na zauna a ƙasa.

Da kiran ya ɗauke, shafin albishir ya dawo. Asusu cike, taurari na zuba, a ƙasa kuma ƙaton maɓalli kore da rubutun da ko Mama ba ta buƙatar tabarau kafin ta karanta: TAYA SHI MURNA. Na danna baya, ya dawo. Na rufe manhajar na sake buɗewa, yana nan. Ba zan iya goge ta daga wayar ba, aikina ce, da ita zan shiga ofis ranar Litinin.

Mama ta zauna a ƙasa kusa da ni, abin da gwiwoyinta suka daɗe da hana ta. Ta leƙa wayar, ta bi gefe-gefenta da yatsa tana nema, yadda take yi in na kawo mata gwaji.

"Babu na fita ne?"

"Babu, Mama."

Ba ta tambayi wanda ya yi shi haka ba. Ta dafa bayana ta bar hannun a nan.

Na danna.

Wayar ta ce an aika, sannan ta jiyar da ni abin da ta aika, yadda na tsara don mutum ya tabbata saƙonsa ya tafi. Muryata ce, tana tsalle don murna.

"Barka, barka! Allah ya sanya alheri, Allah ya sa a mora lafiya!"

A daidai lokacin tana tashi a wani shago a bayan tasha, tsakanin sabon gado da kabad. Ranar da ya buɗe asusun na naɗe ta, a ofishinmu na saman shagon tayoyi. Yana zaune a gefena yana yi min gwalo don in kasa, shi ya sa dariyar ta fito da kyau haka.